Dutsen Kalambaina: Tsakanin buhun siminti da ruwan rijiya

Dutsen farar ƙasa da ake fasawa a Kalambaina, daura da birnin Sakkwato, domin yin siminti, shi ne kuma yake riƙe da ruwan da ɗimbin rijiyoyi da idanun ruwa na yankin suke dogaro da shi.

Wannan aiki biyu da dutse ɗaya yake yi shi ne ya sa masana ilmin ƙasa suke lissafa irin waɗannan yankuna cikin wuraren da suke saurin lalacewa, kuma suke da wuyar gyaruwa.

Batun dai bai tsaya ga Sakkwatawa kaɗai ba. A garin Kunci da ƙauyukan da ke kewaye da shi a arewacin jihar Kano, inda gona take manne da gona, magidanci kan sayar da gyaɗa ko gero bayan kaka, ya rushe ɗakin ƙasa, ya tayar da na bulo.

Gonakin Kunci ba a kan dutsen farar ƙasa suke ba. To amma duk buhun simintin da aka sauke a can, ko daga wace masana'anta ya fito, asalinsa dutse ne da aka fasa a wani wuri, kusa da gonaki da rijiyoyin wasu mutane.

Dutsen da ruwa yake ci

Masana suna kiran ƙasar da ke kan irin wannan dutse da suna karst. Kalmar ta samo asali ne daga sunan wani tudu da ke kan iyakar ƙasashen Suloveniya da Italiya, kuma ta bazu a duniyar ilmi bayan wani littafi da masanin nan ɗan ƙasar Sabiya, Jovan Cvijić, ya wallafa a shekarar 1893.

Abin da ya bambanta dutsen farar ƙasa da sauran duwatsu shi ne ruwa yana narkar da shi. Yayin da ruwan sama yake saukowa yakan kwashi iskar kabon, sa'an nan ya ƙara kwasar wata daga cikin ƙasa, inda saiwoyi suke numfashi, ganyaye kuma suke ruɓewa. Wannan yana sa ruwan ya yi ɗan tsami, wanda harshe ba ya ji, amma dutse yana ji.

Ruwan yakan bi ƙananan tsagogin da ke jikin dutsen yana lasar su kaɗan-kaɗan. Cikin dubban shekaru tsaga takan zama kafa, kafa ta zama hanya, hanya kuma ta zama kogo.

Ta haka ne ake samun ƙasar da samanta ke bushe, amma cikinta rariya ce: rafi ya ɓace cikin rami, ya sake ɓullowa a wani wuri mai nisa a matsayin idon ruwa.

Wani bincike na ƙasa da ƙasa da aka wallafa a shekarar 2020 ya nuna cewa irin waɗannan duwatsu sun mamaye kimanin kashi 15 cikin 100 na doron ƙasar da ƙanƙara ba ta rufe ba, kuma mutane fiye da biliyan ɗaya ne suke zaune a kansu. An ƙiyasta cewa kusan kashi 9 cikin 100 na al'ummar duniya daga cikinsu suke samun ruwan sha.

Birnin Dimashƙa na ƙasar Siriya, alal misali, ya daɗe yana shan ruwan Ainul Fija, wani idon ruwa da ke fitowa daga duwatsun farar ƙasa. Haka ma biranen Rum da Biyana a nahiyar Turai.

Lokacin da Sakkwato take ƙarƙashin teku

Dutsen farar ƙasa galibi a cikin teku yake samuwa, daga ɓawon halittun ruwa da suka mutu suka taru a ƙasa.

Kimanin shekaru miliyan 60 da suka wuce, a lissafin masana, wani teku marar zurfi ya ratso yankin da a yau yake hamadar Sahara, ya malale ƙasar Adar ta jamhuriyar Nijar da kuma arewa maso yammacin Nijeriya. Da ya janye sai ya bar shimfiɗu na laka da na dutse, ɗaya bisa ɗaya.

Masana sun raɗa wa waɗannan shimfiɗu sunayen garuruwan da aka fi ganinsu. Akwai shimfiɗar Dange, wadda laka ce mai tauri, inda aka tono burbushin kadoji da kunkuru da haƙoran kifayen teku. A bisanta akwai shimfiɗar Kalambaina, wato dutsen farar ƙasa mai kaurin kimanin mita 20, cike da ɓawon katantanwa da sauran halittun teku.

Dangin wannan dutse ne ake haƙa a Malbaza da ke jihar Tawa a Nijar, inda aka kafa masana'antar siminti tun a shekarun 1960.

Yadda shimfiɗun biyu suke kwance shi ne sirrin ruwan yankin. Ruwan damina yana nitsewa cikin kafofin dutsen Kalambaina, amma idan ya isa lakar Dange sai ya tsaya, domin ba ta barin ruwa ya wuce. Ke nan dutsen ya zama tamkar randar da aka ɗora a kan daɓe. Idan ta cika sai ta riƙa tsiyaya ta gefe, a bakin fadamu da gindin tuddai.

Wani rahoto da hukumar binciken ƙasa ta Amurka ta wallafa a shekarar 1973, wanda masana biyu, Anderson da Ogilbee, suka rubuta, ya bayyana cewa a kusa da birnin Sakkwato, idanun ruwan da ke fitowa daga wannan dutse su ne suke sa kogin Rima gudana har cikin rani. An yi wannan nazari ne kafin a gina madatsar ruwa ta Goronyo a shekarun 1980, wadda ta sauya yadda kogin yake tafiya.

Tafkin Kware, wanda ke arewa da birnin, shi ma idanun ruwa ne na ƙarƙashin ƙasa suke ciyar da shi. Masunta da manoman rani da makiyaya duk suna cin moriyarsa a watannin da ko ɗigon ruwan sama ba ya sauka.

Rijiyar Kunci da rijiyar Kware

Kwatanta rijiyoyin yankunan biyu yana fito da matsalar a fili.

A Kunci, kamar a yawancin yammaci da arewacin jihar Kano, abin da ke ƙarƙashin ƙasa tsofaffin duwatsu ne masu tauri waɗanda ruwa ba ya narkarwa. Ruwan rijiya yana taruwa ne a cikin rairayi da ruɓaɓɓen dutsen da ke bisansu, da kuma 'yan tsagogin da ke jikinsu.

Irin wannan ruwa ba shi da yawa, shi ya sa rijiyoyi kan ja baya a bazara, ake kuma dogaro da madatsu irin ta Gari domin noman rani. Sai dai yana da fa'ida guda: tafiyarsa a hankali take. Kafin ya ratsa rairayi ya isa rijiya, ƙasa ta tace wani kaso na dattin da ya ɗauko, ƙwayoyin cuta da dama kuma sun mutu a hanya.

A ƙasar farar ƙasa lamarin ya sha bamban. Ruwa yana bin buɗaɗɗun hanyoyi ne kamar a cikin bututu. Tafiyar da za ta ɗauke shi shekara a cikin rairayi, yana iya yin ta cikin yini guda.

An tabbatar da haka tun a shekarar 1877 a kudancin Jamus, inda wani ɓangare na kogin Danube yake nitsewa cikin ƙasa. Masu bincike sun zuba gishiri da launi a wurin, kuma bayan kimanin kwana biyu da rabi suka ga alamarsu a wani idon ruwa mai nisan kilomita 12.

Ma'anar wannan ita ce, abin da aka zuba a sama shi za a ɗebo a ƙasa, kusan yadda aka zuba shi.

Masai, bola da takin zamani

Hanya ta farko da ɗan Adam yake cutar da irin wannan ƙasa ita ce ta ƙazanta.

Masan da aka haƙa har ya taɓo dutse yana iya haɗuwa da kafar da ke kai ruwa rijiyar maƙwabta. Haka nan tsohon ramin da aka mayar bola, da kwatar mahauta, da wurin da ake zubar da baƙin mai.

Takin zamani ma yana da nasa haɗarin. Abin da shuka ba ta sha ba yakan bi ruwa ya sauka a matsayin sinadarin naitiret. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade cewa kada ya wuce miligiram 50 a kowace lita ta ruwan sha, saboda yawansa yana rage wa jinin jarirai ƙarfin ɗaukar iska.

Abin da ya faru a garin Walkerton na ƙasar Kanada a watan Mayun shekarar 2000 ya zama darasi ga masana. Bayan wani ruwan sama mai ƙarfi, ƙwayoyin cuta daga kashin shanun wata gona sun shiga ɗaya daga cikin rijiyoyin garin, wadda aka haƙa a cikin dutse mai tsagogi dangin farar ƙasa. Ma'aikatan ruwa kuma ba su sa maganin kashe ƙwayoyin cuta yadda ya kamata ba. Mutane 7 suka mutu, kimanin 2,300 suka kwanta rashin lafiya, a garin da jama'arsa ba su fi 5,000 ba.

A Nijeriya, inda annobar kwalara ta shekarar 2021 ta kama mutane sama da 100,000, ta kuma hallaka fiye da 3,000, akasarinsu a jihohin arewa, tazarar da ke tsakanin masai da rijiya ba ƙaramin batu ba ne a ko'ina. A kan dutsen farar ƙasa kuwa, tazarar da ta wadatar a ƙasa mai rairayi ba lallai ne ta wadatar ba.

Idan aka zuƙe ruwan

Hanya ta biyu ita ce janye ruwa fiye da yadda damina take mayarwa.

Ruwan da ke cike da kogwannin ƙarƙashin ƙasa yana taimakawa wajen tallafe ƙasar da ke bisansu. Idan ya ja baya, ƙasar takan riƙa zubewa cikin kogon daga ƙasa, har rufin ya yi siriri, wata rana ya burma.

A yankin Carletonville na Afirka ta Kudu, kamfanonin haƙar zinariya sun zuƙe ruwan da ke cikin duwatsun da ke bisa ma'adinan domin su samu damar aiki. A watan Disambar shekarar 1962 ƙasa ta burma da wani ginin niƙa dutse a mahaƙar West Driefontein, mutane 29 suka rasu. A watan Agustan 1964 kuma wani ramin ya haɗiye gida da mutane biyar a cikinsa cikin dare.

A jihar Fulorida ta Amurka, manoma sun yi ta zuƙo ruwa dare da rana a watan Janairun 2010 domin kare amfanin gonarsu daga sanyi, kuma cikin 'yan kwanaki ramuka fiye da 100 suka buɗe a yankin.

Shimfiɗar Kalambaina ba ta kai kaurin duwatsun waɗancan ƙasashe ba. To amma rashin kaurin nata yana nufin ajiyar ruwanta ba ta da zurfi. Idan ruwan ya sauka da 'yan mitoci kaɗan, idon ruwan da ke bakin fadama shi ne zai fara ƙafewa, daga nan sai rijiyar talaka ta guga da igiya, tun kafin mai rijiyar burtsatse ya san an yi.

Daga tan dubu 100 zuwa miliyan 8

Hanya ta uku ita ce kwashe dutsen kansa.

An kafa Kamfanin Siminti na Arewacin Nijeriya a shekarar 1962, zamanin gwamnatin Jihar Arewa, ya kuma fara aiki a Kalambaina a 1967 da ƙarfin samar da tan 100,000 a shekara. A 1985 aka ƙara sashe mai tan 500,000.

Bayan da rukunin kamfanonin BUA ya karɓi ragamarsa a shekarar 2010, an buɗe sabon sashe mai tan miliyan ɗaya da rabi a 2018, da wani mai tan miliyan 3 a watan Janairun 2022, sa'an nan wani mai tan miliyan 3 a 2024. Jimillar ƙarfin masana'antar ya kai tan miliyan 8, wato ninki 80 na yadda aka fara.

Wannan bunƙasa ta samar da ayyukan yi da kuɗin shiga, ta kuma rage dogaro da simintin da ake shigowa da shi daga waje. Haka lamarin yake a Ashaka ta jihar Gombe, da Obajana ta jihar Kogi, da Ewekoro ta jihar Ogun, da Mfamosing ta jihar Kuros Riba, inda dutsen yake da kogwanni sosai.

Sai dai kuma kowane tan na siminti yana cin fiye da tan guda na dutse. Dalili shi ne idan aka gasa farar ƙasa a cikin tanderu, kusan kashi 44 cikin 100 na nauyinta yakan tashi a matsayin iskar kabon. Wannan ne ma ya sa masana'antun siminti suke da alhakin kusan kashi 8 cikin 100 na iskar kabon da ɗan Adam yake fitarwa a duniya.

A duk inda ake haƙar irin wannan dutse, abubuwan da masana suke sa wa ido sanannu ne. Ramin haƙa idan ya kai ga ruwa dole a riƙa zuƙe shi, abin da kan janyo ruwan kewaye zuwa cikin ramin. Nakiya tana iya toshe wata hanyar ruwa ko ta buɗe wata. Ƙura tana sauka a kan ganye da rufin gidaje. Sa'an nan ɓangaren dutsen da aka kwashe ya daina ajiye ruwa ke nan har abada.

Halittun da ba su da wani gida

Ba mutane kaɗai ne suke rayuwa da wannan dutse ba. Kogwanni da tsagogin farar ƙasa gida ne ga jemagu, waɗanda suke cinye ƙwarin da ke ɓarna a gona, da kuma wasu halittu da ba a samunsu a ko'ina sai a can.

A kogwannin Suloveniya da Kuroshiya akwai wata halittar ruwa mai kama da tsaka, fara sol, wadda ba ta gani. Tana iya shafe shekaru ba ta ci abinci ba, kuma masana sun ƙiyasta cewa tana iya rayuwa har shekara 100. Duk da wannan juriya, gurɓataccen ruwa yana kashe ta.

Da yake kowane tudun farar ƙasa a ware yake kamar tsibiri, wani lokaci jinsin halitta guda yakan taƙaita ga tudu ɗaya tak. A jihar Pahang ta ƙasar Malesiya, wani ɗan ƙaramin dodon koɗi ya rayu a kan tudun Panching kaɗai. Da aka fasa tudun baki ɗaya domin yin siminti, sai jinsin ya tafi tare da shi. A shekarar 2014 ƙungiyar kare halittu ta duniya ta sanya shi cikin jerin waɗanda suka ƙare.

Ita ma ƙasar noma da ke bisa irin wannan dutse ba ta da kauri, domin dutsen da ke narkewa ba ya barin saura mai yawa da zai zama turɓaya. Idan aka sare itatuwa, ruwa yakan wanke 'yar ƙasar ya zuba ta cikin tsagogi, a bar dutse tsirara.

A kudu maso yammacin ƙasar Sin, musamman lardunan Guizhou da Yunnan da Guangxi, wannan matsala ta shafi kusan hekta miliyan 13 a shekarar 2005. Bayan shekaru ana dashen itatuwa da hana noma a kan gangara, adadin ya ragu zuwa kimanin hekta miliyan 10 a 2016.

Ga yankin da yake fama da sare itatuwa da kwararowar hamada kamar Sakkwato, wannan gargaɗi ne, kuma shaida ce cewa ana iya juya akalar lamarin idan ba a makara ba.

Me doka ta tanada?

Nijeriya ba ta rasa dokoki ba. Dokar shekarar 1992 ta wajabta a yi nazarin illar manyan ayyuka ga muhalli kafin a fara su. Dokar ma'adinai ta 2007 ta ɗora wa masu haƙa nauyin gyara wurin bayan sun gama, da kuma ƙulla yarjejeniyar raya ƙasa da al'ummar da ke zaune a wurin. A 2013 kuma an fitar da ƙa'idoji na musamman kan fasa dutse da amfani da nakiya, waɗanda hukumar NESREA take kula da su.

Abin da masana harkar ruwa suke nanatawa shi ne, a ƙasar farar ƙasa kariya tana farawa ne da sanin inda ruwa yake shiga da inda yake fita. Ana gano hakan ta hanyar zuba launi marar illa a ramukan da ruwa yake nitsewa, a kuma jira a ga rijiyar ko idon ruwan da zai ɓulla.

Da irin wannan taswira ce ƙaramar hukuma za ta san inda bai kamata a yi bola ko kwata ba, kamfani ya san ɓangaren da zai bari, manomi kuma ya san gefen gonar da zai rage wa taki. Auna zurfin ruwan rijiyoyin ƙauyuka a kowane wata, tare da bayyana sakamakon ga jama'a, shi ne zai nuna ko ruwan yana ja da baya tun kafin ya ƙafe.

Wasu matakan ba sa buƙatar kuɗi mai yawa: ɗaure bakin rijiya da yi mata murfi, daɓe cikin masai, hana zuba shara a ramukan da ruwa yake nitsewa, da barin itatuwa a kewayen idanun ruwa.

Buƙatar siminti dai ba za ta ragu ba, ganin yadda jama'a suke ƙaruwa, garuruwa suke faɗaɗa, ƙauyuka irin na Kunci kuma suke sauya ginin ƙasa da na bulo. Masana'anta tana iya cinye tudu guda cikin 'yan shekaru. Hanyoyin ruwan da ke cikinsa kuwa, dubban damina ne suka sassaƙa su.